Safar Hannun Ɗakin Tukwane

Tun da jami'a ta wajabta wa ɗaliban ginin tukwane sanya safar hannu mai sarrafa yatsu, tukunya ba ta ƙara fashewa a wuta ba. Kai dai ka taɓa yumɓu, safar ta san sauran. Tukwanen duk kamarsu ɗaya, ko ƙwanƙwasa su ka yi kukansu ɗaya.

Zulai, 'yar ajin ƙarshe, ta shigo da buntun shinkafa ƙulle a bakin mayafi. So take ta cuɗa shi da yumɓu ta ga yadda wuta za ta yi da shi. Tana kai hannu, safar ta sanƙarar mata da yatsu.

Ta juya ga malaminsu, Dakta Barau. "Malam, ta hana ni."

"Ta san fashewa zai yi."

"To a bari ya fashe mana, in gani da idona. Tun da na zo ban taɓa ɓata komai ba. Me na koya ke nan?"

Ya leƙa waje, ya turo ƙofa. "Cire ta. Ban gani ba."

Ta zare safar. Ashe yumɓu sanyi gare shi. Ta ɗora tafukanta a kai, ta jira. Yatsun suka yi lamo, su ma suna jira.

"Malam, ta ina ake farawa?"

Dakta Barau ya cire tasa, ya daɗe yana duban hannuwansa.

"A da can na sani, 'yata," ya ce a hankali. "Wallahi na sani."