Babur ɗin Ragwaye

Bakanike yana durƙushe yana ɗaure sarƙar wani mashin sai ya ji inji ya shigo garejinsa, ƙararsa a hankali kamar keken ɗinki. Da ya ɗaga kai sai ga Dogo, abokinsa tun suna samari, wanda ya tafi aiki da wani kamfanin fasa duwatsu can nesa, ya daɗe bai leƙo gida ba. Har waya ma an yi watanni ba a samunsa. Ga shi yau a kan sabon babur dal, irin manyan nan na shiga daji.

Suka rungume juna Dogo yana zaune a kan babur ɗin. Sai da aka gama gaisuwa ya sauko a natse, ya nemi benci.

Bakanike ya zagaya mashin ɗin yana taɓe baki. Kamfani ɗaya ne da tsohon babur ɗin Dogo, amma wannan an rage masa tsayi, an liƙa masa allo kamar na waya, ga maɓallai birjik. Ya duba hannun hagu bai ga kuloci ba. Ya sunkuya ya nemi abin taka giya, nan ma wayam. Dogo ya ce ai mashin ɗin ne yake canza giyarsa da kansa.

Bakanike ya shiga ƙuryar gareji ya yaye wani tamfol. Tsohon babur ne, wanda Dogo ya ba shi ajiya ranar da zai tafi. Duk tsawon lokacin nan Bakanike yana tayar da shi, yana canza masa baƙin mai, masu so sun zo ya kore su. Kuma bai manta ba, Dogo ne mutumin da ke cewa duk wanda mashin ya canza wa giya ba mahayi ba ne, kaya ne aka ɗaura.

Dogo ya daɗe yana kallon tsohon, ya shafa tankinsa. Sannan ya fara zayyana laifuffukansa. Ya ce nauyinsa kamar bijimi, kiki sai ka yi gumi kafin ya tashi, kana tafiya yana karkaɗa ka har hannu ya mutu. Sabon kuwa da yatsa ake tayar da shi, birkinsa ba ya kwasar mutum a kan tsakuwa. Aibinsa kawai muryarsa ba ta da daɗi, allon kuma ya fi suruka mita.

"Wannan nake so, shi zan hau," in ji shi. "Wanda abin bai yi masa ba ya kau da kai."

Maganar ta soki Bakanike. Ya ce babur ɗin ragwaye ne, ya nemi Dogo ya hau tsohon ko da sau ɗaya, ya zaga layin ya dawo. Dogo ya ƙi. Sai Bakanike ya ce to su haɗu ranar hutu a tsohuwar hanyarsu, wadda ke ratsa rafi ta hau dutse, shi a kan tsohon, a ga wanda zai ji kunya. Dogo ya miƙa masa hannu tun kafin ya rufe baki.

Washegari matar Dogo ta zo garejin, ta roƙe shi ya janye wannan magana. Bakanike ya yi dariya, ya ce haba matarmu, mijin da ya sha keta dazuzzuka ne za ki mayar ɗan goye? Da za ta tafi ta ce, "In ya faɗi, don Allah kada ka tsaya jira ya tashi."

Ranar hutu, a kan kwalta tsohon babur ya yi gaba, yana ruri kamar da. Bakanike yana sauya giya yana jin daɗi har cikin ƙashinsa. Da suka shiga burji Dogo ya matso, yana biye da shi wutsiya a wutsiya.

Rafin ya kawo ruwa fiye da yadda suka zata. Bakanike ya tsallake da ƙyar. Yana waiwayowa ya ga tayar Dogo ta zame a kan dutse, babur ya kwanta ta hagu, mai shi ya nutse har ƙugu. Bakanike ya jefar da nasa ya ruga.

"Tsaya inda kake," Dogo ya ce. "Kada ka taɓa ni."

Ya ja jiki ya fito daga ƙarƙashin mashin, ya jingina bayansa da shi, ya cije leɓe ya ɗaga. Ya zame, ya sake. A karo na gaba babur ya miƙe. Ya hau, ya danna maɓalli, injin ya amsa, ya wuce Bakanike yana watsa masa ruwa. Kafin tsohon ya yarda ya tashi, Dogo ya kai saman dutsen.

Bakanike ya iske shi zaune a kan wani falalen dutse, jiƙe sharkaf, yana dariya shi kaɗai. Bakanike ya yarda sabon ya yi ƙoƙari, amma ya ce har yanzu bai gane ba. Mutumin da babu wanda ya kai shi iya taka giya, me ya kai shi ga wannan?

Dogo ya ce likitoci sun faɗa, kamfani ya faɗa, matarsa ma ta faɗa, wai shi da babur har abada. Sannan ya naɗe wandonsa, ya kwance maɗauri a gwiwa, ya zare ƙafarsa ta hagu, ta roba, gaba ɗaya, ya kife ta ya zubar da ruwan da ke ciki.