Yatsun Mohigul

Ravshan ya shaƙe ta a matakalar bene, ya maka bayanta da bango. Akwatin celo, ƙaton gogen da take goye da shi, ya gangara ƙasa yana ƙugi.

Duk Tashkent wa bai san Mohigul ba? Tana 'yar shekara sha tara ta ciyo lambar zinare a Vienna, ta sa tsofaffi kuka a Moscow, gobe kuma za ta tafi gasar duniya. Ta saƙon waya aka ba shi aikin karya yatsun hagunta. Ya ɗauka wata makaɗiya ce hassada ta ci.

"Yi haƙuri ƙanwata, sana'a ce," in ji shi.

Ya danne hannun a kan ƙarfen matakala, ya ɗaga guduma. Ƙas! Ƙas! Ƙas! Jini ya fantsama a farar rigarta. Ta ciji leɓe har ya fashe, amma ko ihu ba ta yi ba. Shi da ya saba karya ƙarti, sai ga shi ya kasa ƙarasawa. Ya juya zai gudu.

"Ravshan-aka!" ta kira shi, kiran ƙanwa ga yayanta.

Ya daskare. A ina ta san sunansa?

"Ina za ka? Huɗu muka yi da kai, uku ka karya." Ta miƙo hannun, ƙaramin yatsan bai karye ba. "Ba ka san babana ba. Tun ina 'yar shekara biyar yake ɗaure ni a kujera, kuskure ɗaya bulala goma. In ka bar masa ko guda, wallahi da shi zai sa ni kiɗa. Dawo ka ƙarasa."