Sadakar Ilham

Ranar Talata wayar ta yi ƙara a aljihunsa, Hamani ya tsayar da motar a bakin kasuwar Ƙonni ya duba. Hoton abarba ne. Ya sauka, ya zagaya rumfunan masu kayan marmari har ya sami mai kyau, ya sa aka yanka, ya rabar a ƙofar masallacin tasha.

Wayar ta matarsa ce, Ilham. Wayar kaɗai aka tsinta ba ko tsaga ranar da kamyon, babbar motar siminti, ya bi ta kan kabu-kabun da ya ɗauko Ilham daga likita. Da safen nan ta ce masa awon jini za ta je, bai kuma tambaye ta komai ba, ya ja motarsa ya yi Illela da fasinja.

Tun da aka ce jininta na hawa, aka umarce ta da yawan tafiya, ta sa wata manhajar motsa jiki a wayar. Bayan sallar asuba takan zagaya unguwa, manhajar na auna tafiyarta da bugun zuciyarta. Da faransanci manhajar take, shi kuwa Hamani bai yi lakwal ba, wato boko. Abin da ya sani, a makonninta na ƙarshe ta rage saurin tafiya, ta kama shan lemun tsami kamar me. Da ya kunna wayar bayan sadakar bakwai, hoton lemo ya tarar. Sai ya gane: manhajar ce ke gaya mata abin da za ta ci.

Daga nan bai ƙara barin Talata ta wuce ba. Aka nuna albasa, ya sayo albasa. Aka nuna mangwaro, ya nemo shi tun bai yawaita a kasuwa ba. Duk abin da ya kamata ta ci, sai ya ciyar da wani da sunanta. Gidan ya daɗe da shiru tun tana raye, don su biyu ne rak, amma yanzu shirun har nauyi gare shi. Ƙarar wayar nan ce kaɗai ke zuwa da wani abu nata.

Sai kira ya fara shigowa.

Lambobi ne baƙi. Wata rana mace, wata rana namiji mai sanyin murya, duk suna neman Madam Ilham. Hamani yakan ce ta rasu, su ci gaba da zuba faransanci kamar ba su ji ba. Saƙonni suka biyo baya, da hotunan furanni da na zuciya. A maganar namijin kalma ɗaya ya tsinta, irin wadda ake faɗa wa wanda ya yi dace, ta taya murna.

Murnar me? Ilham mace ce mai zurfin ciki. Ko ciwo take yi sai ya gani da idonsa. Bayan ɓari biyu da ta yi a farkon aurensu ta ce masa ta gaji da zama ana shigowa ana ba ta haƙuri, daga nan ta daina faɗin abinta ga kowa. Macen da ba ta ba maƙwabta lambarta, ta yaya baƙon namiji ya san sunanta?

Tunanin ya bi shi har kan hanya. A Dogarawa ya wuce fasinjan da ke ɗaga masa hannu bai gan shi ba. Yana jin kunyar zargin, yana istigfari, zargin kuma bai tafi ba.

Talatar da aka nuna kankana, ya saye ta, amma ya kasa zuwa masallaci. Ya ɗora ta a kujerar gaba ya nufi Malbaza wurin ƙanwarsa Ikilima, wadda ke koyarwa a lakwal. Ya same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya zauna a kan tabarma, kankanar a cinyarsa, ya miƙa mata wayar.

"Duba mini su wane ne ke neman ta. Kada ki ɓoye mini komi."

Ikilima ta karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan saki fuska.

"Yaya, 'yan talla ne. Ba su san ta ba. Manhajar ga ce ta ba su sunanta da lambarta. Ranar da ta sa ta a waya an nuna mata dogon rubutu, ta danna ta yarda. A ciki sun ce suna iya raba abin da ta rubuta da 'yan kasuwa."

Hamani ya sauke numfashin da ya daɗe yana riƙe da shi. Ya share ido da hannun riga, ya roƙa wa Ilham gafara, ya roƙa wa kansa.

"To mi ta rubuta da har za a yi mata murna?"

Ikilima ta buɗe manhajar. Ta yi ƙasa da yatsa, ta tsaya. Ta koma sama, ta sake karantawa. Farantin shinkafar ya zame daga cinyarta bai dame ta ba. Ta dubi yayanta, ta dubi abin da ya rungume da hannu biyu.

"Wa ya ce maka abinci suke nuna mata?"

"Ba kowa. Ni na gani."

Ta rufe baki da gefen mayafi.

"Yaya, girman ɗan da ke cikinta ne suke nuna mata kowane mako. A lissafinsu, satin nan za ta haihu."