Sunan da Tabawa Ba Ta Kamawa

Tun da aka mayar da bayanan marasa lafiya rumbun intanet, likita ba ya taɓa kowa sai an buɗe masa su. Rumbun kuma ba ya yarda da maganar mutum, sai Mashaidiya, na'urar da ke sauraron kowane gida, ta aiko da hatimi cewa ta san shi.

Sagiru na kwance a sume a gadon asibiti, numfashi sama-sama. Mahaifiyarsa Tabawa ta damƙe hannun wata nas.

"'Yar nan, don Allah ku duba shi. Ni na haife shi!"

"Inna, ba ƙi muka yi ba, hatimin ne bai zo ba. Mashaidiya ta ce tun da aka kafa ta a gidanku, ba ta taɓa jin kin kira sunansa ba, don haka ba za ta shaida ke ce uwarsa ba."

"Ɗan fari ne fa! Wace uwa ce ke kama sunan ɗan fari? 'Wancan' nake ce masa."

"Na sani, Inna. Ita ce ba ta san kara ba. Daure ki faɗa."

Tabawa ta dubi gadon. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kai bakinta kusa da allon na'urar da ke jikin gadon.

"Sagiru," ta ce. "Sagiru ɗana ne."

Aka yi jim, na'ura na tambayar na'ura. Sai allon ya yi ja.

Nas ɗin ta karanta a hankali: "An hana hatimi. Tabawar da muka sani ba za ta faɗi sunan nan ba."