Abin da Dogo Ke Yi a Ƙarƙashin Mota

Baba Bakanike ya tsaya gaban madubi yana gwada fuskar da zai shiga ofishin mutane da ita. Ya gwada ta mai gaskiya, ta fito kamar ta mai ciwon haƙori. Ya gwada ta dattijon da abu ya dama, sai matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko cikin ne ya sake murɗawa.

"Ƙara zan kai," ya ce.

"Ƙarar Dogo dai? Tun yaushe kake kai ta, ba ta wuce bakin ƙofa ba. Ungo, buɗe min kwalbar nan kafin ka tafi ceton duniya."

Ya murɗa, ya ciji leɓe, murfi ya ce bai san zancen ba. Ya miƙa mata yana tsine wa kamfanonin zamani. Ta buɗe abarta ta koma kicin.

Dogo abokin aikinsa ne a gareji shekara da shekaru, kafin ya samu aiki a kamfanin da ke kula da motocin ɗaukar 'yan makaranta. A garejin nasu akwai ƙa'ida guda: wanda ya gama mota sai ya ja mata layi da alli a jikin taya, a tura ta bakin ƙofa. Daga nan ba mai sa mata hannu sai mai ita. Taɓa motar da aka ja wa alli daidai yake da zagin uban wanda ya gyara ta.

To, Baba ya sha kama Dogo yana taka wannan ƙa'ida. Da rana in kowa ya tafi cin abinci, sai Dogo ya ce shi ba ya jin yunwa. Baba kuwa yakan dawo da wuri don ya ɗan miƙe a benci, sai ya hango zara-zaran ƙafafun nan sun leƙo daga ƙarƙashin motar da aka gama, sifana na ƙara a hankali. Me mutum zai nema a ƙarƙashin motar da aka gama? Ai ba sai an yi dogon tunani ba: cire sabo yake yi, ya mai da tsoho.

Me jarumin namu ya yi? Ya runtse ido ya kama minsharin ƙarya. Dogo ne ke kawo masa shayi kullum da safe, kuma Baba da kansa yakan ce wa ransa: kai dai an saye ka da madara da sukari, ko arha ba ka ji kunyarta ba.

Amma yanzu motocin yara ne, kuma jikarsa irinsu take shiga. Ga shi tun da Dogo ya tafi motoci ke ta dawowa garejin, wannan taya na rawa, waccan birki na kuka. Baba ya ce ai ga ta nan, ɓarnar da Dogo ya binne ce take fitowa. Sai dai Dogo yana da iyali, kuma in za a faɗi tsakani da Allah, Baba bai taɓa ganin ko noti ɗaya ya shiga aljihunsa ba. Ya toshe wa mutum hanyar abinci a kan ƙafafun da ya hango? Ya yi shiru kuma, wata rana mota ta ƙwace da yaran mutane? Abin ya hana shi sakat, har ya rame.

Ranar dai ya yi ta maza. Ya isa ƙofar kamfanin, ya wuce ta kamar mai neman wani gida, ya zagi kansa, ya dawo.

Manajar wata mace ce mai fara'a, ta ba shi kujera ta sa aka kawo masa ruwa. Jawabin da ya tsara a hanya, mai cike da amana da tsoron Allah, ya watse tun daga sallama. Ya yi ta kame-kame, yana cewa Dogo mutumin kirki ne, wallahi ba shi da abokin faɗa, sai dai yana da wata ɗabi'a ta shiga ƙarƙashin motocin da wasu suka gama, a ɓoye. Da ya kai ƙarshe ya ji wani sanyi a ransa, ya ɗan gyara zama irin na mutumin da ya sauke nauyi.

"Ai na sani, Baba," in ji Manaja. "Shi ya faɗa min da bakinsa ranar da zan ɗauke shi, da na tambaye shi ko ya taɓa karya doka a wurin aiki. Wai akwai wani tsoho a garejinku, gwani ne a zamaninsa, amma ƙarfin hannu ya tafi, ba ya iya ɗaure noti ya ɗauru. Shi ne yake bin bayansa yana ƙara ɗaurewa, don kada a kori tsohon, kada kuma wani ya mutu a hanya. Na yi na yi ya ƙi faɗin sunansa. Har yau abin na damunsa, wai yanzu wa ke bin bayansa? Don Allah ku riƙa sa masa ido."

Baba ya buɗe baki zai tambayi wane tsohon banza ne wannan da ba zai ajiye aiki ba. Kafin maganar ta fito ya fara jero mutanen garejin a zuciya, duk wanda ya kawo sai ya ga sa'an ɗansa ne.

A garejin nan kaf tsoho ɗaya ne, kuma shi ne ya zo kawo ƙara.