Tsingaron Randar Inna

Ɗiyata, na karanta labarin da kika rubuta, kuma alƙalaminki yana da daɗi. Sai dai mutanen cikinsa kamar daga sama suka faɗo, ba su da kakanni, ba a jin ƙanshin ƙasar da suke takawa. Matso kusa in ba ki wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane da mijinta ya rasu, ta koma garin yayanta da zama. Ba ta zo da komai ba sai 'ya'yanta da tsohuwar randar mahaifiyarta. Garin a bakin kogi yake. Ta riƙa bin gaɓa tana tonon yumɓu, tana murza shi a yatsu, har ta san inda ya fi danƙo da lokacin da ruwa ke janyewa ya bar shi a fili. Ta gina tukwane gwanin sha'awa, amma da sun ji wuta sai su tsage. Matan gari suka daina leƙo ta, tuwon gidan ya koma sai abin da yayanta ya aiko. Ana cikin haka akuya ta ture randar nan ta fashe. Ta zauna ta sha kuka, don ita kaɗai ce abin da ya rage mata na tsohuwa. Tana tsince tsingaron a bakin zani sai ta tuna, tana yarinya uwar, wadda ita ma maginiya ce, takan aike ta kufai ta ɗebo irinsa, ta kuma tuna ƙarar dakansa a turmi da hantsi. A lokacin ta ɗauka dabarar raba ta da ƙiriniya ce kawai.

Sai ta daka tsingaron ta cuɗa da yumɓun kogin. Karon farko ta cika tsingaron da yawa saboda ƙaunar uwa, ginin ya ƙi kamawa, yana ta marmashewa a hannunta. Ta rage, ta bar yumɓu ya rinjaya. Da aka yaye toka, tukwanen suka fito garau, in ka ƙwanƙwasa su amsa. Wata tsohuwa ta sayi tulu, kwana biyu ta dawo tana cewa ruwansa ya fi na kowa sanyi, tana tambayar wa ya koya mata. Maginiyar ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Innata ce, Iya. Tana nan a ciki."

To, haka aikin marubuci yake. Ki je ki zauna da kakarki tun tana da rai, ta ba ki labarin shekarar da fara ta tashe su daga garinsu. Ki fita bayan gari ki ga yadda gawo ke zubar da ganye da damina alhali sauran itatuwa na tofo. Ki daka wancan ki cuɗa da wannan, da awo, kada tarihi ya danne miki labari. Ai masu iya magana sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.