Tun Ina Gane Ki

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Juliana ta iske saurayinta Didam zaune a ƙofar ɗakinsa a unguwar Kudenda, yana ta fama da maɓallin riga. Ta durƙusa ta saka masa.

"Je ki gaya wa Fasto an fasa auren," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Likita ya ce ƙanjamau ta taɓa min ƙwaƙwalwa. Jiya a layinmu na ɓata, sai da aka rako ni gida. Gara in rabu da ke tun ina gane ki."

"To ka aure ni tun kana gane ni." Ta matso kusa da shi. "Na san abin da ke jikinka, Didam. Danginka ba za su bar ni in yi jinyarka ba sai ina matarka. Don Allah."

Ya ɗago kai ya daɗe yana kallonta. Leɓɓansa suka motsa, yana laluben sunanta, sunan ya ƙi zuwa. Ta ga tsoro ya cika masa ido.

Ta riƙe hannunsa gam.

"Juliana ce," ta ce a hankali. "Gobe ma zan gaya maka."